Sun Ce In Ce Satar Motar Na Yi

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Pasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na zumuntar mata, da matasan da ke can baya, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Sunana Bitrus. Waɗansunku sun san ni da Bitrus direba, mijin Rahila mai ba da waƙa a zumunta. Waɗansu kuwa sunan kawai kuka sani, domin an daɗe ana kiransa a nan lokacin addu'a, ni kuwa ina gidan yari. To yau ga mai sunan tsaye a gabanku. Idan muryata ta yi rawa, ku yi haƙuri da ni.

Ni mutumin Mokolo ne. Tun ina saurayi na sauko Garwa neman aiki, na koyi tuƙi, har na kai ga riƙe tirela. Na yi shekaru ina yi wa wani mai motoci aiki. Ba zan kira sunansa ba, mu dai patron muke ce masa. Siminti, auduga, shinkafa, babu abin da ban ɗauka ba tsakanin Garwa da Marwa da Kuseri.

A lokacin nan ba kwa ganina a nan sai Kirsimeti ko ranar auren wani. Idan Rahila ta ce, "Baban Na'omi, tsaya mu yi addu'a kafin ka fita," sai in ce ta yi mana duka, ni rana tana yi mini. Da hannuna na dogara, da kuma patron. Ina ganin muddin yana da rai, ni da iyalina ba za mu kwana da yunwa ba.

Patron ba ya yawan zuwa wurin da muke ajiye motoci. Akwai mutumin da ya sa a tsakaninmu, sunansa Gaston. Shi ke raba tafiya, shi ke riƙe mabuɗai, shi ke magana da gareji. Kullum cikin farar riga mai guga, ga sarƙar gicciye a wuya. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ko korar mutum zai yi, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ɗan'uwa.

Wata rana ina dawowa daga Marwa na ji birkin motata ba daidai ba. Iskarsa tana zuba, in na taka sai ya yi jinkiri kafin ya kama. Na lallaɓa na iso, na gaya wa Gaston. Ya ce in bar ta, za a kai gareji. Bayan kwana biyu ya kira ni. Muna zaune da sauran direbobi muna shan shayi, cikinmu har da Hamadu, wani Bafillace da muka daɗe muna aiki tare, sai Gaston ya zo ya sa mini mabuɗi a hannu.

Na ce, "An gyara?"

Ya ce, "An gyara, ɗan'uwa. Siminti yana jiranka a Figil. Allah ya tsare hanya."

Na gwada birkin a fili, ya kama. Mota babu kaya, yaya ba zai kama ba? Na tafi.

A dawowa ne, mota cike da kaya, rana ta karkata, na iso wani gangare da ke sauka zuwa wata ƙaramar gada. Ranar kasuwar ƙauyen da ke wurin ce, mutane sun baje kaya dama da hagu har bakin kwalta. Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa, kamar na taka buhun da babu komai ciki.

'Yan'uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na sake takawa. Na ja na hannu. Na danna ham ban saki ba. Ina ganin mata suna kwasar yara, kwanuka suna tashi, awaki suna tsalle. Motar kuwa sai ƙara gudu take, nauyin simintin yana tura ni daga baya. Na hango wata babbar bishiya a gefen dama bayan rumfuna, na karya kan mota zuwa gare ta. Tsakanina da bishiyar akwai mutum yana ɗaure buhu a kan babur. Ya ɗago kai ya dube ni.

Ya Ubangiji, ka yi mana jinƙai!

Da na fito daga motar, jini yana zuba mini a ido, na rarrafa wurinsa. Yana da sauran numfashi. Na ɗora kansa a cinyata, ya yi magana kaɗan, ya cika. Can gefe wata mata mai sayar da ƙosai tana ihu, rumfa ta danne mata ƙafa. Kafin in ankara mutane sun kewaye ni da sanduna da duwatsu, na ji wani yana cewa a kawo fetur. Motar jandarma ce da ke wucewa ta ƙwace ni a hannunsu.

A asibiti na ba jandarma bayani kamar yadda abin ya faru: an aike ni, birki ya ƙi. A nan na ji sunan mamacin. Malam Abakar, ɗan kasuwa daga Kuseri, ya zo sayen gyaɗa. Ya bar mata da ƙananan yara da tsohuwar uwa. Mai ƙosan kuwa an yanke mata ƙafar. Da raunukana suka kama warkewa aka wuce da ni gidan yari, in jira shari'a.

Gaston ne ya fara zuwa ganina, tun kafin a bar Rahila ta shigo. Ya kawo gasasshen kifi da burodi da sabulu. Ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, har na yi hawaye. Ya ce patron ya ɗaukar mini lauya, ya ce an kai shinkafa gidana. Na ce a raina, ka gani, mutanen nan ba za su yar da ni ba.

A zuwansa na gaba ya kawo maganar da ke tafe da shi.

Ya ce iyalan mamacin da mai ƙosan sun kai ƙara suna neman diyya. Ya ce akwai 'yar matsala: asirans ɗin motar, wato inshorarta, ta ƙare tun kafin hatsarin ba a sabunta ba. Don haka babu kamfanin da zai biya, daga aljihun patron za a nema, kuma kotu tana iya kama motocinsa. "In motoci suka tafi," in ji shi, "direbobi nawa za su zauna? Yara nawa za su bar makaranta? Ka yi tunanin 'yan'uwanka."

Na ce, "To ni mene ne nawa a ciki?"

Ya matso da kujerarsa. Ya ce idan an tsayar da ni gaban alƙali, in ce bayanin da na ba jandarma na ruɗewa ne. In ce motar tana ajiye tana jiran gyara, ni na ɗauki mabuɗi ba da sanin kowa ba, na je yin lodi na kaina. Idan haka ne, laifi ya tsaya a kaina ni kaɗai, patron ya fita. Iyalan su nemi diyyarsu a wurina.

Na ce, "Ai ba ni da komai. Ko akuya ba ni da ita."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Shi ya sa maganar za ta mutu."

Ya ce za a ɗaure ni na ɗan lokaci, amma gidana ba zai rasa komai ba, in na fito kuma sabuwar mota tana jirana. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce babu gaggawa. Ya tashi ya gyara rigarsa, sai ya juyo kamar ya tuna wani abu, ya fito da waya ya nuna mini hoto. 'Yata Na'omi ce cikin kayan makaranta, tana tafiya ita kaɗai a gefen titi. Daga cikin mota aka ɗauki hoton, har ana ganin gefen gilashi.

Ya ce, "Ta girma, Allah ya raya. Amma hanyar nan da take bi, manyan motoci suna gudu a kanta ƙwarai. Ka san halin direbobi."

'Yan'uwa, tun da aka haife ni ban taɓa jin sanyi irin na ranar ba, alhali lokacin zafi ne, wanda ko bango ba ya taɓuwa.

Daga nan abubuwa suka fara faruwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda za ka kama ka kai ƙara a kansa. Rahila ta zo ta gaya mini wata tirela tana zuwa ta tsaya a bakin lungunmu da tsakar rana, inji yana aiki, gilashi a rufe, ba mai fita ba mai shiga, sai ta gaji ta tafi. Lungun da ko ƙaramar mota ba ta da abin yi a cikinsa! Mai gidan da muke haya, wanda bai taɓa yi mana maganar banza ba, ya fara cewa ƙaninsa zai yi aure yana bukatar ɗakin. Makanikin garejin, wanda ya san ko an taɓa birkin ko ba a taɓa ba, aka wayi gari ya rufe shago, aka ce ya haye Chadi.

A cikin gidan yarin ma haka. Aka kawo wani ƙato ɗakinmu, ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da tawa. Ba ya magana da kowa. In na je ɗiban ruwa yana bayana, in na zauna a inuwa yana gabana. Wata rana ina wanke rigata ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Kawu Gaston yana gaishe ka." Abin da ya taɓa ce mini ke nan, tun daga shigowarsa har fitata.

Lauyan da aka ɗaukar mini kuwa, sau ɗaya ya zo. Bai tambaye ni yadda hatsarin ya faru ba. Ya karanta mini abin da zan faɗa, ya sa na maimaita har ya zauna a bakina, ya duba agogo ya tafi.

Abinci ya daina shiga. In na rufe ido sai in ga mutumin nan yana ɗago kai daga kan babur, in na buɗe sai in ga Na'omi a gefen titi. Na rame har Rahila ta gan ni ta fashe da kuka a gaban masu gadi.

Ta ce, "Baban Na'omi, me suke so ka yi? Ka gaya mini gaskiya."

Na gaya mata. Ta murɗa bakin zanenta. Ta ce, "Ni ban san abin da zan ce maka ba. Ina tsoro. Amma zan kai wa Baba Pasto." Na ce kada ta gaya wa kowa, Gaston yana da kunne ko'ina. Da ya sake zuwa, na ce masa na yarda. Ya rungume ni ya ce Allah ya ba ni hikima. Washegari aka daina ganin tirelar a lungunmu.

Ana gab da shari'a, wata ranar ziyara, mai gadi ya kira ni ya ce ina da baƙuwa. Na fita na ga wata tsohuwa siririya cikin baƙin lafaya, tana zaune a kan benci da carbi a hannu. Ban san ta ba. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

Ta ce, "Kai ne direban?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ni ce Hajja Falmata, uwar Abakar."

Na durƙusa a ƙasa, na kasa ɗaga kai. Ina jiran zagi, ina jiran tofi, da ta ɗaga hannu ta mare ni ma da na ji sauƙi. Ta taso tun daga Kuseri, tafiyar da mu direbobi muka san wahalarta, tsohuwa irin wannan.

Hausarta a hankali take fita, da Larabci a ciki. Ta ce, "Tashi, bawan Allah. Ban zo faɗa ba. Mutanen kasuwar sun ce a hannunka ya cika. Ina so in sani, ya yi magana?"

Na ce ya yi. Na ce ya kira sunan Allah, ya yi kalmar shahada irin taku har ƙarshe, sannan ya ce Zara, sau biyu.

Ta rufe fuska da lafayarta. Kafaɗunta suna rawa, amma ban ji sautin kuka ba. Da ta buɗe ta ce Zara ita ce ƙaramar 'yarsa, ba ta daɗe da fara tafiya ba, har yanzu in ta ji ƙarar babur sai ta nufi ƙofa. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ya cika da kalma. Ka sauke mini kaya."

Ta tashi za ta tafi, sai ta tsaya. Ta ce, "Lauyarmu ta ce an gaya mata satar motar ka yi. Ta ce in haka ne, yaran nan ba su da wurin da za su kama. Ni ban san shari'ar Nasara ba. Amma na ga ɓarayi a rayuwata, ban taɓa jin wanda ya tsaya ya ɗora kan mutum a cinyarsa ba, ana zuwa da sanduna." Ba ta jira amsata ba. Ta gyara lafayarta ta fita.

Na koma ciki ban san inda nake taka ƙafa ba. Rana tana tsaka, kowa ya nemi inuwa, filin gidan yarin babu kowa. Na je bayan wurin wanki, inda ƙasa ta yi zafi kamar tanda, na faɗi a kan fuskata.

Ban iya addu'a ba, 'yan'uwa. Rahila ce mai yi mana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yesu, ina tsoro. Yesu, ina tsoro." Na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Sannan na ce masa, "Na'omi tawa ce, Zara ta mamacin ce. An ce in zaɓa. Ni ba zan iya tsare ko ɗaya ba, ina cikin katanga. In kai kana iyawa, ka riƙe su duka biyu. Bakina kuwa, ka karɓe shi."

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara a kan abin da ya faru ba. Amma wani abu da ya daɗe yana danne mini ƙirji ya ɗaga. Na gane cewa duk shekarun nan Gaston da patron nake yi wa tsoron da Allah kaɗai ya kamata a yi wa. Na tashi zaune, na ga ƙaton nan tsaye can yana kallona. Na dube shi, a karo na farko ban kawar da ido ba. Ran nan na ci abinci.

Haleluya!

Ashe Rahila ba ta ji maganata ba, kuma na gode wa Allah da ba ta ji ba. Ta riga ta kai wa Baba Pasto. Da ta zo na ce mata, "Maman Na'omi, zan faɗi gaskiya." Ta kama hannuna ta cikin ƙarfe ta ce, "Mun daɗe muna azumi a kan wannan kalmar." Baba Pasto da dattawa suka shirya a ɓoye. Ana gobe shari'a, bayan an tashi makaranta, wata uwa daga zumunta ta ɗauki Na'omi da ƙannenta kamar za su kasuwa, ta sa su a mota, ta raka su har Mokolo wurin yayata. Mama, kina nan zaune, ba zan nuna ki ba, amma Allah ya san ki.

Ranar shari'a kotu ta cika. Na ga Hajja Falmata a gaba tare da lauyarsu, wata mace mai tabarau. Na ga mai ƙosan da sandunanta jingine a benci. Na ga Rahila da Baba Pasto da waɗansunku. A layin baya kuwa ga Gaston cikin farar rigarsa, ya jero direbobinmu kusa da shi. An kawo su ne su shaida cewa ba wanda ya ba ni mabuɗi. Hamadu yana cikinsu, kansa a sunkuye. Gaston ya ɗaga mini hannu, ya taɓa wayarsa da ke aljihun gaba, a hankali, don in gani.

Alƙali ya tambaya ko zan yi magana da Faransanci. Ina jin Faransancin hanya, amma na ce a ba ni tafinta, da Hausa zan yi. Ina so tsohuwar nan ta ji daga bakina, ba daga bakin wani ba.

Ya ce, "Wa ya ba ka izinin fita da motar?"

Lauyana ya ɗaga mini gira. Na ce a raina, Yesu, ga bakin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Gaston ne ya sa mini mabuɗi a hannu. Na gaya masa birki ba shi da lafiya, ya ce an gyara. Ban saci mota ba. An ce in ce na sata, an nuna mini hoton 'yata."

Kotu ta ruɗe. Lauyana ya tashi yana cewa ba ni da lafiya, zaman gidan yari ya taɓa mini kai. Alƙali ya buga tebur. Ni dai na ci gaba, na faɗi komai, tun daga shayin da muke sha har tirelar da ke tsayawa a lungunmu. Da na gama na juya. Gaston bai motsa ba. Murmushin yana nan a fuskarsa, idonsa ne kawai ya canja.

Aka fara kiran direbobin. Na farko ya rantse ya ce bai ga komai ba. Na biyu ya ce ranar ba ya nan. Ina jin ƙasa tana zamewa a ƙarƙashina, domin maganata ce ni kaɗai a kan tasu. Sai aka kira Hamadu. Ya zo ya tsaya, alƙali ya tambaye shi. Ya dubi Gaston, ya dubi tsohuwar da carbinta. Ya yi magana da Fulatanci, a hankali, tafinta yana juyawa.

Ya ce, "An gaya mini abin da zan faɗa. Amma na yi alwala kafin in shigo nan. Ina wurin aka ba Bitrus mabuɗi. Motar kuwa ba ta je gareji ba, inda ya ajiye ta nan ta kwana, domin tawa tana kusa da ita."

Ku ba Ubangiji yabo! Mutumin da aka kawo don ya binne ni, shi Allah ya sa ya buɗe ramin!

Ba ranar aka gama ba. An ɗaga shari'ar, an sake ɗagawa, na koma gidan yari na kwana kusa da ƙaton nan ban san abin da zai faru ba. Lauyan patron ya janye daga kaina, ikkilisiya ta nemo mini wani. Mai gidan haya ya fitar da kayanmu waje, ku kuka kwashe su. Hamadu ya rasa aikinsa tun a ranar. Amma ko yatsa ba wanda ya ɗora a kaina, ko a kan Rahila, ko a kan yarana.

Daga ƙarshe kotu ta ce motar a kan aikin mai ita take, shi zai biya diyyar ran Malam Abakar da ƙafar mai ƙosan. Aka kama waɗansu motocinsa. Ni ma ban fita fes ba, domin rai ya salwanta ina riƙe da sitiyari. An yanke mini ɗauri, aka lissafa zaman da na riga na yi, aka karɓe lasisina na wani lokaci. Ban yi gardama ba. A bakin kotu, ana shirin mai da ni, Hajja Falmata ta matso ta ce, "Ɗana, Allah ya fid da kai." Kalmar nan ta riƙe ni har ranar da aka buɗe mini ƙofa.

Ba zan ce muku komai ya ƙare ba. Patron ya ɗaukaka ƙara, iyalan sun sami wani abu, saura yana hannun shari'a. Ni yanzu ban ruwa nake yi a gonar albasa a bakin Binuwai, ni da Hamadu, wani dattijonmu ne ya ɗauke mu. Yara sun dawo, mun canja unguwa. Gaston kuwa yana gari. Kwanan baya na haɗu da shi a babbar kasuwa, ina ɗauke da buhu. Ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗan'uwa, yaya yara?" Jikina ya yi sanyi, ba zan ɓoye muku ba. Na sauke buhun na ce, "Suna hannun Yesu." Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya ba ni hanya.

Na gode wa Ubangiji da ya ƙwace ni daga wutar kasuwa, ya tsare ni a gidan yari, ya hana ni ƙaryar da za ta cinye marayu ta cinye ni. Na gode wa matata da ta ƙi yi mini biyayya a inda ya kamata ta ƙi. Na gode muku da gwiwoyinku da shinkafarku da ɗakin da kuka ba mu.

Wataƙila akwai wani a nan da ake matsa wa ya faɗi abin da bai faru ba, ana nuna masa abin da ya fi ƙauna. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, na san wannan tsoron, na kwana da shi. Kada ka ɗauke shi kai kaɗai. Ka kai wa Yesu yadda yake, ko kalma biyu ce kawai ta fito, ka kuma gaya wa masu bi. Shi mai aminci ne.

Na ga mawaƙa sun ɗauki ganga. Ku dakata kaɗan, ina roƙonku. Kafin ku yi waƙa saboda ni, mu tashi tsaye mu yi addu'a saboda gidan Malam Abakar a Kuseri, da tsohuwarsa, da matarsa, da yarinyar nan Zara, da matar da yanzu a zaune take toya ƙosanta. Ni na dawo gida. Shi bai koma ba.

Baba Pasto, ka bi da mu. Cikin sunan Yesu. Amin.